Kafaɗar Yaya

A shagonmu na kitso kujeru biyu ne, babban madubi ɗaya, benci ɗaya. Kujerar da ke jikin taga ta Yaya ce, ta kusa da ƙofar bayi kuma tawa. Bencin na masu jira ne, kuma duk wadda ta zauna a kansa Yaya take jira. Mace za ta shigo ta tarar da ni zaune ina kaɗa ƙafa da mataji a hannu, ta gaishe ni baki har kunne, sannan ta wuce ta bi layi. In na ce, "Zo mana in fara tsefe miki," sai ta dafe ɗankwalinta da hannu biyu ta ce, "A'a Auta, ai ba sauri nake ba." Ƙarya take yi, saurin take. Hannuna take gudu.

Wai hannuna zafi gare shi. Haka suke cewa, wasu a bayan idona, marasa kunya a gabana. Kitsona ya fi na Yaya daɗewa, tsagata ta fi tata miƙewa, wannan ko maƙiyina ya sani. Amma wadda na yi wa kitso kwana take yi da ciwon kai, gira a ɗage, sai ka ce an ba ta labarin mamaki. A hannun Yaya kuwa barci suke yi. Na sha ganin babbar mace da jikokinta tana zubar da miyau a zanin Yaya, ta farka ta ce, "Har an gama?" Ni ko yaro ban taɓa sa wa gyangyaɗi ba. Abin yana ci min rai, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ina kishin yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tun ban san sunan abin ba.

Yaya ta girme ni nesa ba kusa ba. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, ita kuwa tana budurwa, don haka a bayanta na girma. A lokacin ta fara kitso a ƙofar gida kan wata 'yar kujera mai ƙafa uku, ni a goye, kan mutane a cinyarta. Da kitson ta yi min takalmin makaranta, da shi ta raka ni ɗakin miji, da shi ta karɓe ni lokacin da auren ya ƙi. Ta haifi nata 'ya'yan mata ta aurar, mijinta direban babbar mota yana gida yau gobe ba ya nan, ita dai tana tsaye a bayan kan wata, gwiwar hannu a sama tun safe har yamma. Ba ta da yawan magana. Ba ta yabo, ba ta zagi. In ta leƙo aikina sai ta ce, "Riƙe gindin gashin, Auta," ta koma kan nata. Na ji wannan magana har ta zame min ƙarar fanka.

Akwai abu ɗaya da ya fi tsaya min a rai. Yaya ba ta taɓa zama a gabana na yi mata kitso ba. Da kanta take yi wa kanta. Ranar da ba kowa, sai ta jingina ƙaramin madubi a bayanta, ta fuskanci babban, ta ɗaga hannuwa ta kitse kanta tsaf ina zaune ina kallo. In na ce, "Yaya kawo in yi miki," sai ta ce, "Hannuna na nan, me zai sa in wahalar da ke?" Kowa a layinmu ya san mai kitso ce ƙanwarta, kowa kuma ya san ba ta ba ni kanta.

Kafaɗar dama ta daɗe tana yi mata gargaɗi. Takan shafa man zafi, ta ɗan murza, ta ci gaba. Wata rana da hantsi ta miƙa hannu za ta sauko da robar wanke kai daga saman kantar bango, sai kawai hannun ya faɗo, robar ta biyo shi. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Auta, ƙarasa wa baiwar Allah nan." Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna jijiyar da ke ɗaga hannun ta yage. Aka yi mata aiki aka ɗinke, aka rataye mata hannun a wuya, aka ce kada ta kuskura ta motsa shi sai an ba ta izini.

Na yi kuka a bakin ɗakin tiyata, Allah ne shaidata. Amma kuma ranar da na buɗe shago ni kaɗai na ga bencin nan cike, kuma ni suke jira, wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na ja kujerata zuwa jikin taga. Daɗin bai kai ko'ina ba. Matar mai kantin kusa da mu tana ƙarƙashin hannuna, hawaye na bin kuncinta, take tambayata, "Auta, yaushe ne Yaya za ta dawo?" Malamar makarantar da ba ta taɓa fashin wata ba ta koma ɗaura ɗankwali kan tsohon kitso. Duk wadda ta shigo, kafin ta tambayi lafiyata sai ta tambayi kafaɗa.

Da makonni suka shuɗe aka cire ratayar, muka ɗauka an gama. Yaya ta yi niyyar ɗaga hannu, hannu ya ce bai san zancen ba. Ya tashi zuwa daidai ƙirjinta ya tsaya cak. In ta matsa masa sai kafaɗar gaba ɗaya ta ɗago zuwa kunne, fuskarta ta yamutse. Ba ta iya kai hannu bayanta, ba ta iya taɓa tsakiyar kanta. Mai kitson da gwiwar hannunta ba ta tashi kuwa ta gama aiki. Likitan da ya yi aikin ya ce ɗinki ya kama lafiya lau, gaɓar ce ta sandare saboda zama, ya tura mu sashen gashin ƙashi.

Ɗaki ne dogo mai ƙananan gadaje, labule tsakanin kowane biyu. A bango akwai igiya rataye a kan wani ɗan gargare, da wani katako mai ƙananan matakai da marasa lafiya ke hawa da yatsu. Ko'ina warin man shafawa da tawul mai ɗumi. Wadda aka haɗa mu da ita wata 'yar siririya ce, ba ta wuce sa'ar 'yar Yaya ta biyu ba, farce a yanke, murya ƙasa-ƙasa. Na yi mata kallon sama da ƙasa. Na hango kitson da ke leƙowa ta gefen hularta, na ce a raina wadda ta yi mata wannan ba ta tsoron Allah.

Ta kwantar da Yaya rigingine a bakin gado, ta ɗora mata tawul mai ɗumi a kafaɗa na ɗan lokaci. Sannan ta ɗauki hannun ta maƙale shi tsakanin damtsenta da haƙarƙarinta. Ta zura tafin hannu ɗaya ƙarƙashin allon kafaɗar, ɗayan ta ɗora a saman damtse, dab da gaɓar.

Ta ce, "Mama, ba ni hannun. Kar ki taya ni, ni zan ɗauka."

Ta ɗan ja kaɗan, sannan ta fara dannawa a hankali tana saki, tana dannawa tana saki. Motsin bai fi na mai lallashin jariri ba, in ba ka zuba ido ba ma ba za ka gani ba. Na jira a fara aikin, shiru. Na kasa haƙuri.

Na ce, "Likita, wai shi ke nan? Abin da muka hau mota biyu dominsa ke nan?"

Ta yi murmushi ba tare da ta ɗago ba. Ta ce, "Anti, kan ƙashin hannu a cikin wani gurbi yake zaune. Duk lokacin da hannu zai tashi sama, sai kan ƙashin ya ɗan zame ƙasa ya ba da hanya. Zaman da ya yi ya sa abin da ya lulluɓe gaɓar ya takure, ya hana shi zamewa. In na kama wuyan hannu na ɗaga da ƙarfi, ƙashi zai daki ƙashi ne kawai. Shi ya sa nake lallaɓa shi daga nan kusa."

Na buɗe baki zan sake magana, sai na kalli Yaya. Idonta a rufe, bakinta ya ɗan saki. Matar da ko a ɗakin haihuwa an ce ba ta bari an riƙe ta ba, ga ta ta miƙa wa yarinyar da ta sani yau-yau hannunta sukutum, har da ɗan minshari. Da aka gama, likitar ta ɗaga hannun, ya wuce inda ya saba tsayawa da ɗan kaɗan. Yaya ta buɗe ido ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

'Yata! Na maimaita kalmar a mota har muka sauka.

Daga ranar gidan Yaya ya koma gidan labarin likita. 'Yata ta ce in riƙa sa matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu. 'Yata ta ce yau na yi ƙoƙari. Mijinta ya bugo waya daga hanya, maimakon ta ce Auta ce ke kai ni tana dawo da ni, tana min wanki, tana ɗaura min zani, sai na ji tana cewa, "Kai dai bari, hannun yarinyar nan sanyi gare shi." Ina tsakar gida ina shanya kayanta. Na matse rigar nan har sai da ɗinkinta ya yi ƙara.

Sau biyu a mako muke zuwa. Likitar ta ce hakan ba zai isa ba, abin da ta buɗe yau zai iya komawa kafin mu dawo. Dole a sami wanda zai riƙa ɗaga wa Yaya hannun kullum a gida, tana kwance, a hankali, zuwa inda ya tsaya. Ta ce dannawar nan aikinta ne, kada wanda ya gwada, ɗagawa kawai take so. Miji yana kan hanya, 'ya'ya suna gidajensu. Ta juyo ta kalle ni. Ta nuna min sau ɗaya, na ce na gane tun ba ta gama ba. Ni da na yi shekaru ina sarrafa gashi siriri kamar zare, ɗaga hannu ne zai gagare ni?

Washegari da safe kafin in tafi shago Yaya ta kwanta a gadonta. Na cafki wuyan hannunta da yatsu, yadda nake cafkar gashi, na ɗaga. Hannun ya taho sakayau, amma a sandare kamar muciya.

Na ce, "Yaya, saki mana."

"Na saki."

"Ba ki saki ba. Ke kike ɗagawa."

"To ke ɗin ce kike fizga."

"Ni ban fizga ba! Can wajen 'yarki har minshari kike yi."

Na ƙara ɗagawa, ta cije leɓe, kafaɗar ta haye kunne. Sai ta ce, a hankali, tana kallon silin, "Auta, hannunki da zafi."

Mata nawa suka faɗa min wannan magana na share. Daga bakin Yaya ban taɓa ji ba sai ranar. Na ajiye mata hannunta a kan ciki, na ɗauki jakata na fita, ko sallama ban yi ba. Na ci gaba da zuwa kullum, don ba zan bari a ce na gudu ba, amma abin ya zama dambe. Ina ja tana riƙewa, mu rabu kowa na huci.

Ranar da likitar ta ɗauko 'yar robar da take auna tashin hannu da ita, ta auna, ta sake aunawa, sai na ga murmushinta ya ɗauke. Ta ce hannun bai ƙara komai ba tun awon baya, kuma gaɓar ta yi zafi. Ta ce akwai lokacin da kafaɗa ke karɓar lallashi, in ya wuce sai ta zauna inda take. In haka ta faru, ko dai Mama ta haƙura da hannun a haka, ko a mayar da ita ɗakin tiyata a sa ta barci a buɗe shi da ƙarfi. Na ga yatsun Yaya na dama suna motsi a kan zani, suna kitsa abin da babu.

Likitar ta ce, "Anti, nuna min yadda kike yi a gida."

Na nuna. Ta kalla har na gama. Sai ta ja labulen gadon da ke kusa ta ce, "Hau ki kwanta."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Na sani. Kwanta dai."

Na kwanta ina ƙunƙuni. Ta cafki wuyan hannuna da yatsu ta ɗaga sama. Kafin in ankara duk jikina ya ɗaure, har wuyana. Ta ce, "Saki mana." Na ce na saki. Ta ce, "Ba ki saki ba." Daga bayan labule na ji wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Yaya.

Sannan ta sauke hannun, ta sake ɗauka. Wannan karon ta tallafo gwiwar hannuna da tafinta, damtsena ya kwanta a kan nata, ɗaya hannun kuma ta dafa kafaɗata ta tsayar da ita. Ba ta ɗaga nan take ba, sai da ta jira. Ban san lokacin da na bar mata shi ba. Na dai ga hannuna yana wucewa ta gaban fuskata kamar na wani.

Ta ce, "Kin ji bambancin? Hannu ɗaya yana tsare tushen, ɗayan yana tafiya. In tushen a tsare yake, jiki ba ya tsoro. Kuma ga alama: in kin ji hannun ba nauyi, to mai shi ce ke ɗauke da abinta. Ranar da ta sakar miki, za ki ji ya yi nauyi."

Ina kwance ina kallon fankar ɗakin, sai ga babban yatsan Yaya a idona. Yadda take dafe gindin gashi da shi kafin ta ja, jan ya tsaya a yatsanta bai kai fatar kai ba. Na gan shi sau dubu. Ai kuwa sai muryarta ta fito daga bayan labule, ba ko tausayi.

"Abin da nake gaya mata ke nan tun tana 'yar mitsitsiya, 'yata. Riƙe gindin gashin."

Na tashi zaune na gyara ɗankwali. Haushi biyu ya haɗe min, na Yaya da ta yi gaskiya, da na yarinyar da ta sa na ji.

A shago na fara gwadawa, a ɓoye, kamar mai sata. Malamar makaranta ce ta fara faɗowa hannuna, don tsohon kitson nata ya kai inda ɗankwali ba ya rufa masa asiri. Ta zauna ta runtse ido tana jiran azaba. Na dafe gindin gashin da babban yatsa, na ja. Aikin ya yi min nawa, yatsan ya ƙage, na yi ta tsaki a ciki. Da muka kai rabi ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Auta, lafiyarki kuwa? Yau ban ji komai ba." Na ce mata ta rufe ido ta bar ni in yi aikina.

A gida kuwa ba abin da ya sauya. Na tallafi gwiwar hannu, na dafa kafaɗa, na jira, na yi duk yadda aka koya min. Yaya ta daina cije leɓe, ta ce yanzu ba zafi. Amma hannun yana nan sakayau. Tana ɗauke da kayanta, ni rakiya kawai nake yi. Kwanaki suna tafiya, ranar awo tana matsowa. Na rasa abin da ya rage in yi.

Duk tsawon wannan lokaci kan Yaya yana cikin ɗankwali. Tun kitson da ta yi wa kanta kafin tiyata ba a taɓa shi ba. Nakan gan ta tana zura kibiyar tsaga da hannun hagu tana susa. Ina dai jira ta nema. Wata safiya na zo na tarar ta yafa mayafi tana neman takalmi.

Na ce, "Ina zuwa? Ba yau ne asibiti ba."

Ta ce, "Nan tsallaken titi zan leƙa. Kan nan ya dame ni."

A tsallaken titi akwai wani shagon kitso da wasu yara suka buɗe bara, masu kiɗa da fitilu kala-kala. Na koma na tsaya a bakin ƙofa, na riƙe ƙyauren da hannu biyu.

"Wallahi Yaya ba inda za ki. Likita ta karɓi hannunki na yi shiru. Yanzu kuma kanki za ki kai wa yaran da ba su iya tsaga ba, a gaban duk mutanen layi? Ni me na yi miki? In zafi ne na daina, je ki tambayi malama. Ni ce ba ki yarda da ni ba, ki faɗa kawai in ji!"

Muryata ta fashe a ƙarshe, abin da ya ƙara ba ni haushi. Yaya ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa tana kallona. Sannan ta cire takalmin, ta zame mayafin, ta jawo tabarma da hannun hagu zuwa gaban kujera ta zauna. Ta ba ni baya.

Na zauna na zare ɗankwalin. Ban san Yaya ta yi furfura haka ba. Gaban da take bari a gani baƙi ne, amma tsakiya duk ta yi fari, gashin ya yi laushi ya ragu, har ina ganin fatar kai. Tsohon kitson ya cukurkuɗe. Na shafa mai na fara tsefewa daga baki, a hankali, yatsana a gindin kowane sili. Wuyanta a miƙe yake kamar na mai ɗauke da tulu.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ba rashin yarda ba ne, Auta."

Na ci gaba da tsifa.

"Ita yarinyar asibitin can ban goya ta ba. Ke kuwa ni na goya ki. In kina kusa, jikina bai san ya huta ba, gani yake za ki faɗo. Ban san yadda ake zama a gabanki ba."

Na ce, "To ai ga shi kin zauna."

"Na zauna."

"Ki yi shiru kuma, kina motsa min tsaga."

Na taje, na tsaga, na fara daga gefen kunne. Ban yi sauri ba. Rana ta hau ta shigo ta taga, mai kanti ya buɗe rediyonsa, na san bencin shago ya cika ya fara watsewa, ko a jikina. Ina kan layi na tsakiya na ji kanta ya karkata ya sauka a gwiwata. Na tsaya da gashi a hannu na leƙa. Barci take yi, baki a ɗan buɗe.

Da na gama na tashe ta. Ta shafa da hannun hagu tun daga goshi har ƙeya, ta bi kowace tsaga da yatsa. Ta ce, "Na gefen nan ya ɗan fi ɗan'uwansa kauri." Ƙarya ne, amma na ƙyale ta. Na ce ta hau gado mu yi na yau.

Ta kwanta. Na tallafi gwiwar hannun, na dafa kafaɗar, na jira. Ta ja numfashi ta sauke. Sai hannun ya faɗo min gaba ɗaya, har sai da na gyara tsayuwa don kada ya suɓuce. Ban taɓa sanin hannun mutum yana da nauyi haka ba. Na ɗaga shi a hankali. Ya wuce ƙirji, ya kai daidai haɓa inda kullum yake tsayawa, ya ɗan yi gardama, na jira shi, ya ƙara gaba kaɗan. Kaɗan ne ƙwarai, bai fi faɗin yatsu biyu ba. Na riƙe shi a nan, hawaye na ɗiga a damtsenta, ba hannun da zan share da shi.

Ta ce, ido a rufe, "Kina jiƙa ni."

Ba a mayar da ita ɗakin tiyata ba. Watanni aka ɗauka, likita tana lallaɓa gaɓar a can, ni ina ɗagawa a nan, daga baya aka shiga jan igiya da hawan katakon bango. Ranar da Yaya ta taɓa tsakiyar kanta da hannun dama, likitar nan 'yarta ta rungume tana sa mata albarka, ni kuwa aka ce in riƙe jaka. Na riƙe. Har yau in an ambaci yarinyar nan sai na ji wani ɗan abu, ko da yake ni nake mata kitso yanzu, kuma ta daina yawo da abin kunya a ƙarƙashin hula.

Yaya ta dawo shago, na mayar da kujerata kusa da ƙofar bayi. Ba ta iya yini a tsaye kamar da, takan sauke hannu ta huta. Bencin har yanzu nata ne. Malama ce kaɗai ta sauya sheƙa, ita ma ina zargin layi take gudu. Ina nan ina kaɗa ƙafa ina harararsu, ban fasa ba.

Amma ƙaramin madubin nan ya koma cikin akwati. In kanta ya isa tsifa, Yaya takan gama da wadda ke hannunta, ta dubi masu jira ta ce su yi haƙuri. Ta ratsa shagon a gaban idonsu, ta jawo tabarma gaban kujerata, ta zare ɗankwali ta ba ni baya. Hannunta lafiya lau, tana iya yi da kanta, ni da ita duk mun sani. Kafin in kai tsakiya ta yi barci. Kanta nauyi gare shi, ƙafata har sagewa take yi, amma ba na motsawa.